Ƙafa da Sauƙi, Gwaggo

Makera, Kaduna
6 ga Yuni

Gwaggo Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen Gashuwa baki ɗaya. Mama tana gaishe ki, hawan jininta da sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabonmu da haɗuwa tun rasuwar Baba, shekara shida ke nan. Na kira wayarki sau uku, wata maƙwabciyarki ta ɗauka ta ce kunnenki ba ya jin waya yanzu, sai dai takarda. Shi ya sa na nemi Malam Zakariyya'u, direban da ke kawo bandar kifi daga wajenku. Ya ce duk mako biyu yana kan hanya, kuma ba wanda bai san gidan Malama mai usur ba.

Gwaggo, na cike fom ɗin aikin kaki, sunana kuma ya fito cikin waɗanda za a tantance ranar 16 ga Satumba. Akwai gudu a ciki, wanda ya gaza a gudun ko takardunsa ba za a duba ba. Bana ce damata ta ƙarshe, domin a watan Nuwamba shekaruna za su haura abin da suka ƙayyade. Na gaji da zama a kan keken ɗinki, difloma tana ƙarƙashin katifa tana jin ɗumina.

A dangi kaf ba wanda zan kai wa maganar nan sai ke. Baba ya sha gaya mana cewa kakansa da kakanki wa da ƙani ne, kuma ke ce kika yi wa jiha gudu kina budurwa, sannan kika shekara talatin kina koyar da wasanni a makarantar 'yan mata. Mama kuwa cewa ta yi mace ba ta gudu a titi sai in gobara ta tashi. Ta bar ni ne kawai don ta tabbata zan gaji don kaina.

Ranar Litinin na fara. Ina idar da sallar asuba nake fita, in bi ta Kakuri in haɗu da Celina a Barnawa. 'Yar Narayi ce, tare muka yi makaranta, ita ma sunanta ya fito. Ranar farko garau na dawo har ina cika baki. Washegari na tashi kamar an dake ni da taɓarya. Ta Laraba ta fi muni: cinyoyina biyu, sha-raɓa, har da gadon baya. Ruku'u da sujada sai da dabara, tsugunno kuwa ba a magana. Mama tana kallona ta wutsiyar ido, ni kuma ina ta mazewa.

Gwaggo, ciwo na ji wa kaina? In tsaya ko in ci gaba? Abin da kika ce shi zan yi.

'Yarki,
Jamila

*

Gashuwa
14 ga Yuni

Jamila ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana ƙamshin banda, har kyanwar gidan nan ta riga ni dubawa. Muna nan lafiya. Kunne ne dai ya yi ritaya ya bar ni, kuma ban yi asara ba, don yawancin abin da mutane ke faɗi bai cancanci a ji ba. Ki gaida Mamanki, Allah ya ƙara sauƙi.

Shekara shida ko gaisuwa babu, sai da cinya ta yi tsami aka tuna da tsohuwa. Na yafe, domin kin faranta mini rai fiye da yadda kike zato. Sau uku na karanta. A zuriyarmu, maza da mata, ba a sake samun wanda ya yi gudu ba sai in an ce ga tuwo can. Ubanki ma, Allah ya jiƙansa, daga masaƙar da yake aiki zuwa gida sai ya tsaya hutu sau biyu. Na riga na fid da rai, sai ga ki. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da ɗan na nesa ne.

Abin da ke damunki sunansa tsamin jiki, kuma ba ciwo ba ne. Nama ne da ya saba zama aka sa shi aikin da bai sani ba, yake ƙorafi. Duba yadda kika zayyana shi da kanki. Bai zo ranar ba sai washegari. Ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku. Ya kama ƙafa biyu daidai wa daida. In aka ce ki nuna inda yake, da tafin hannu za ki shafa, domin ba shi da mazauni ɗaya. Na kuma san in kika fara tafiya jiki ya yi ɗumi yakan lafa. Kafin takardar nan ta iso gare ki ya kama gabansa, in ba haka ba ki canza mini suna.

Maganin tsami komawa fili. Ki rage nisa kwana biyu, ki riƙa miƙa gaɓoɓi kafin gudu da bayansa, ki gasa da ruwan ɗumi, ki ci wake da ƙwai, ki sha ruwa sosai. Kwanciya ba ta ƙara masa komai sai shagwaɓa.

Sai gargaɗi. 'Yan matan da suka bi ta hannuna sun fi dubu, daga nesa nake gane wadda za ta kai da wadda za ta zube a hanya. Wadda ta cika sauraron jikinta, kullum sai jikin ya samo abin da zai gaya mata. Mamanki tana nan ta kasa kunne, jira take ki ce wash ta ce ai ta faɗa. Kada ki ba ta wannan daɗin. Ni ma kada ki sake cika mini takarda da kukan tsami. Nisa da mintuna nake son gani.

Gwaggonki,
Dije

*

Makera, Kaduna
9 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan damina ta sauka muku lafiya. Mama tana gaishe ki. Ni ma lafiya lau, ƙafa da sauƙi.

Ba sai an canza miki suna ba. Ranar da Malam Zakariyya'u ya miƙo mini takardarki na riga na kwana biyu ina sujada kamar kowa. Na karanta wa Celina wurin tafin hannun nan, ta ce wannan Gwaggo taki ai likita ce. Na ce ta fi likita, don ita daga Gashuwa take duba mara lafiya.

Ga abin da kika ce in rubuto. Da farko kilomita uku nake yi a minti ashirin da huɗu, ina haki kamar zan shiɗe. Yanzu ina yin su a sha takwas. Kullum nake fita, har Juma'a, ko ana yayyafi. Masu shayin bakin titi da suke mini dariya a makon farko, yanzu in na wuce sai su ce a gaida soja. Akwai wani tsoho mai faci a Kakuri da yake ɗaga mini hannu kowace safiya, ranar da na makara har tambaya ya yi. Mama ta daina magana, jiya ma na ga ta ɗauke mini takalmin kambas daga tsakar gida da hadari ya taso. Ban nuna na gani ba.

Sai wani ɗan abu, ba kuka ba ne, labari ne kawai. Ƙwaurina na hagu ya fi na dama kauri kwanan nan. Akwai wani ɗan wuri a kan ƙashin ta gaba, babban yatsa ɗaya ya rufe shi, da yake yi mini magana in na taka kwalta. Shi ba ya lafawa in jiki ya yi ɗumi, sai ma ya ƙara baki. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Celina ta ce, "Jamila, wannan ba tsami ba ne fa, abeg, don Allah ki je a duba miki." Ita ma idon sawunta ya dame ta, ta ajiye gudu na kwana goma, sai dai ta zo ta zauna a benci tana duba mini lokaci a waya. Na ce mata Gwaggona ta ce maganin tsami komawa fili. Shi ma tsamin ne ko, Gwaggo? Amma dai da sauƙi.

Ga ɗan kallabi na ɗinka miki da hannuna, kada ki duba karkatar bakin.

'Yarki,
Jamila

*

Gashuwa
17 ga Yuli

Jamila,

Salamu alaikum. Lafiya muke. A gurguje nake rubutu, Zakariyya'u yana ƙofar gida yana ta danna hon. Ba ji nake ba, amma ina ganin fuskarsa.

Daga ashirin da huɗu zuwa sha takwas cikin wata guda. Na fita da takardar na nuna wa maƙwabta, waɗanda ba su iya karatu ba ma sai da suka gani. Kallabi ya yi, shi ne a kaina yanzu.

Kauri kuwa ai shi ake nema. Ƙafar mai gudu ba ta zama kamar sillen kara. Hagu ta riga dama, dama za ta biyo ta. Tunda kin ce da sauƙi har sau biyu, to yana kan hanyar tafiya. Ki shafa man zafi ki ɗaure da bandeji kafin ki fita. Ƙawarki mai zaman benci raguwa ce, irinsu na sani, kuma ragwanci ya fi mura saurin yaɗuwa. Ki gaishe ta, amma kada ki ɗauki shawararta.

Yanzu lokacin ƙari ne. Ki mayar da uku biyar. In kin dawo ki yi tsallen igiya ɗari uku, sannan tsallen kwaɗo daga ƙofar ɗaki zuwa zaure sau goma. Wata biyu ya rage miki, ba na wasa ba ne.

Ga agogon gudu nan na naɗe a tsumma. Da shi aka auna ni ranar da na zo ta ɗaya, malaminmu ya ba ni, shekara arba'in da ɗoriya yana wurina. Ban taɓa ba wa kowa ko aro ba. Ki danna maɓallin sama ya tashi, ki sake dannawa ya tsaya. Ranar 16 ga Satumba zan kasance a kan sallaya tun safe.

Gwaggonki,
Dije

*

Gashuwa
28 ga Satumba

Jamila,

Salamu alaikum. Muna lafiya, in akwai mai son ya sani.

A watan Agusta ban ga laifinki ba. Ruwa ya yanke hanya, Zakariyya'u ya yi mako shida bai taka Kaduna ba. Amma yanzu sau biyu ke nan yana zuwa yana dawowa hannu rabbana. Na tare shi a kasuwa na tambaye shi, ya yi ta motsa baki yana nuna ƙafarsa. Na miƙa masa biro, ya nuna mini da hannu wai sauri yake. To na gane, ai ba yarinya ba ce ni. Ƙafa ta yi aikinta, an ci gudu, an shiga kaki.

Ina taya ki murna, ko da ba a gayyace ni ba. Ranar sha shida na wuni da azumi saboda ke. Na kwana biyu ina leƙen ƙofa kamar mai jiran biko. Layi biyu sun ishe ni, Jamila: Gwaggo na ci, ga mintunan. Ban nemi goro ba, ban nemi atamfa ba.

Da ma haka dangin ubanki suke, ba yau na fara gani ba. In buƙata ta taso a nemo Dije ko a ramin ɓera take, in ta biya a ce tsohuwar nan ai ba ta ji. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, domin na ɗauka ke daban ce.

Agogon ki riƙe, kyauta na ba ki. Allah ya sa albarka a aikin.

Dije

*

Makera, Kaduna
10 ga Oktoba

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa dole ce, na gaishe ki. Ba zan ce miki muna lafiya ba.

A kwance nake rubuta wannan, na ɗora takardar a kan faranti. Malam Zakariyya'u bai yi miki ƙarya ba, ƙafa ya nuna miki. Kunya ce ta hana shi karɓar biron, bai so mugun labari ya fito daga hannunsa.

Na yi duk abin da kika ce. Na mayar da uku biyar. Na yi tsallen igiya ɗari uku kullum, ina cije bakin hijabina don kada sauti ya fita. Na shafa man zafi har fatar wurin ta saɓule. Da abin ya ƙi, na fara sayen maganin kashe zafi a kemis, biyu kafin fita, biyu in na dawo. Ya kai ko a zaune nake a kan keke wurin yana zugi. A tsakar gida nakan taka daidai saboda Mama, sai na sha kwana nake barin ɗingishi ya fito. Sau uku tana tambayata, "Ƙafar fa?" Sau uku ina cewa da sauƙi. A watan Agusta na rubuta miki takarda mai shafi biyu na faɗi komai, sai na tuna kin ce kada a sake cika miki takarda da kuka, na yaga ta. Ko ban yaga ba ma babu mai kaiwa.

Ranar Laraba, 11 ga Satumba, saura kwana biyar, muna gudu a Barnawa ni da Celina. Na zo tsallake wani ɗan kwatami da ko yaro zai tsallake, na dira da hagu, sai na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ban ma ji zafi nan take ba, agogonki na fara dubawa ko ya fashe. Da gwiwa da hannu na ja jiki zuwa gefen titi don kada mota ta bi ta kaina. Ɗiyar barewa dai ta yi rarrafe, Gwaggo, a gaban masu shayin da ke ce mini soja.

Celina da wani mai Keke Napep suka kai ni asibiti. An yi mini aiki an sa ƙarfe. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya nuna mini, ya ce wannan karaya ba ta ranar ba ce. Ƙashin ya daɗe da tsagewa, kowane gudu yana ƙara buɗa shi, kwatamin ƙarasawa kawai ya yi. Ya tambaye ni yaushe ya fara, na ce ƙarshen Yuni. Ya ce, "Da me kike nuna wurin in an tambaye ki?" Na ce da yatsa ɗaya. Ya ce to shi ke nan. Tsami da tafin hannu ake nuna shi, ciwo da yatsa. Tsami yana kama ƙafa biyu, yana lafawa da motsi, ba ya wuce mako. Abin da ya zauna a ƙafa ɗaya, a kan ƙashi, ya kumbura, yake ƙaruwa da gudu, ya haura mako, wannan jiki ne yake cewa a tsaya. Rabin farko ke kika koya mini, rabi na biyu a gadon asibiti na koya.

Ban so in tambaye shi ba, amma bakina ya riga ni. Na ce da na zo a watan Yuli fa? Ya ce hutun mako shida zuwa takwas, da wataƙila na tsaya a layi tare da kowa. Na ƙirga, Gwaggo. Daga ranar da na rubuto miki zuwa ranar tantancewa mako goma ne.

Celina, raguwar da kika ce kada in saurara, ta ci gudun. Ranar Asabar ta tafi horo. Ta zo sallama ta kasa haɗa ido da ni, kamar ita ta yi laifi.

Mama ba ta ce ai ta faɗa ba. Ita ke kai ni bayi, ita ke wanke mini ƙafa, da hawan jininta. Da ta faɗa ɗin da ya fi mini sauƙi.

Kin ce na rubuta da sauƙi har sau biyu. To me zan rubuta? A gidanku da namu an taɓa tambayar mara lafiya ya ce wani abu daban? Kauri na ce don ina tsoron in ce kumburi ki kira ni raguwa. Na ɗauka wadda ta duba ni daga Gashuwa a karon farko za ta gane a karo na biyu. Ina jin haushinki, Gwaggo, ina jin haushin kaina, kuma ban san wanne ya fi ba.

Ga agogonki nan. Bai fashe ba.

Jamila

*

Gashuwa
19 ga Oktoba

Jamila ɗiyata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu, sannu. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba, duk wadda na ɗauko sai in ji ta yi mini nauyi a baki.

Wannan ita ce takarda ta biyu. Ta farko na yaga, domin daga sama har ƙasa ba abin da ke cikinta sai ke kika ce da sauƙi, ni ina Gashuwa ina zan sani. Da na gama rubuta ta na ji daɗi na kusan rabin sa'a. Sannan na buɗe kwalla na ɗauko takardarki ta 9 ga Yuli, don in kafa hujja da ita.

Komai yana ciki. Ƙafa ɗaya. A kan ƙashi. Yatsa ɗaya ya rufe shi. Ba ya lafawa da ɗumi. Kwana goma sha biyu. Ba ki ɓoye mini ko ɗaya ba, kin jera su kamar mai amsa jarrabawa. Likitanki bai gaya miki abin da ban sani ba tun kafin a haife shi. Da hannuna na sha fitar da 'yan mata daga fili saboda wannan ƙwaurin, suna kuka ina cewa benci, mako shida, ko uban wa ya zo. Da ɗiyar wani ce ta rubuto mini haka, da a layi na biyu na zaunar da ita.

Kalmar da sauƙin ma ba ta ruɗe ni ba, kada in yi miki ƙarya. Na san abin da take nufi. Mijina da ita ya amsa mini ranar da ya cika. Ubanki da na zo duba shi a asibiti, bakinsa da ƙyar yake motsi, ita ya faɗa. Ladabi ce, ba labari ba ce, kowane Bahaushe ya sani. Ni dai na ga sha takwas ɗin nan ne idona ya rufe. Shekara arba'in ina jiran wani a dangi ya ɗauki abin da na ajiye, da na samu sai na karanta mintuna ban karanta ki ba. Na ɗauki da sauƙi a yadda take don ita ce ta dace da abin da nake so. Sannan na zauna na rubuto miki gori kina kwance da ƙarfe a ƙafa.

Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Shekarunki ba sa komawa baya, na sani. Ki ce wa Celina tsohuwar da ta zage ta tana neman afuwa. Ki ce wa Mamanki ta faɗi duk abin da ta haɗiye, ni ce mai shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto mini yadda ƙafar take, gaskiyarta: inda ke zugi, abin da likita ya ce game da tafiya, ko za ki sake gudu. Ko zagi ne ki haɗa da shi, zan karanta. Kada dai ki ce mini da sauƙi. In kin yarda, zan biyo motar kifi in zo in yi jinyarki, Mamanki ta huta.

Gwaggonki, in har yanzu kina kirana haka,
Dije

*

Makera, Kaduna
30 ga Nuwamba

Gwaggo Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen Gashuwa baki ɗaya. Takardarki ta iso tun watan jiya, na gode. Mama tana gaishe ki.

Na isar wa Celina da saƙonki ta waya, ta ce ba komai. Ta turo hotonta cikin kaki, ya yi mata kyau.

Makon jiya na ƙara shekara. Na koma kan keken ɗinki, da ƙafar dama nake takawa, aikin bukukuwa ya fara shigowa. Kambas ɗin na ba ƙanwar Celina, ya yi mata daidai.

Kada ki wahalar da kanki da zuwa, hanya ba kyau, ga shekaru. Malam Zakariyya'u ma ba sai kin tsayar da shi jiran amsa ba, yana da sauri.

Kin tambayi ƙafa. Da sauƙi, Gwaggo.

Jamila